Yadda Ake Ƙiyasta Ruwan da Noman Rani ya Sha a Kwarin Haɗeja da Yobe

Duk ɗan kasuwar da ya saba sarin shinkafa a Gashuwa, ko ɗaurin busasshen kifi daga Nguru, ya san cewa farashin kayan nan biyu kogi yake bi. Shekarar da ruwa ya malala sosai a fadama, shinkafa kan yi sauƙi bayan kaka, masunta su cika kasuwa. Shekarar da ya gaza kuwa, sai kaya su yi ƙaranci, bashin da aka bai wa manoma ya maƙale. Tun daga 1974, lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a Jihar Kano, mutanen arewacin Yobe ke kukan cewa noman ranin da ake yi a sama ne ya shanye musu ruwa, su kuma na sama suna amsawa da cewa fari ne ya rage kogin, ba gonakinsu ba. Gardamar ta haura shekara hamsin ke nan, kuma ginshiƙinta tambaya ɗaya ce mai kama da sauƙi, watau ruwa nawa ne noman rani ya sha a kowace shekara daga cikin shekarun da suka wuce.

Wahalar ita ce babu wanda ya tsaya a bakin kowace gona da ma'auni. Ruwan da aka sha a 1980 ko a 1990 ya riga ya tashi sama ko ya nutse cikin ƙasa, saboda haka sai dai a ƙiyasta shi daga alamun da ya bari, kamar yadda mai binciken kuɗi kan sake gina littafin kamfanin da ya ƙone daga rasidai da takardun banki.

Koguna biyu ne ke ciyar da wannan yanki. Kogin Haɗeja yana samuwa ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa kafin Wudil, shi kuma kogin Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa Jihar Bauchi ta Katagum. A can sama ƙasar dutse ce, ruwan sama ba ya nutsewa sosai, yana kwarara ne ya shiga kogi. Amma da zarar an wuce Wudil sai a shiga ƙasar rairayi da laka ta kwarin Tafkin Cadi, inda kogi ba ya ƙaruwa, sai dai ya yi ta raguwa. A gabashin Haɗeja tsofaffin tuddan rairayi suna tare masa hanya, ya rarrabu: reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, Burum Gana ya bi tasa hanya, tsohon kogin Haɗeja kuma ya gangara ya sadu da Jama'are gab da Gashuwa. Daga nan ne ake kiransa kogin Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, har ya faɗa Tafkin Cadi. Nguru kanta ruwan saman da take samu a shekara bai cika wuce milimita 500 ba, alhali zafin rana da iska suna iya busar da fiye da milimita 2,000 a buɗaɗɗen ruwa. Ma'ana dai, arzikin yankin ruwan baƙo ne, wanda ya faɗi a ɗaruruwan kilomita nesa.

An gina Tiga ne a zamanin Gwamna Audu Bako, da ikon ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, domin ciyar da shirin noman rani na kogin Kano a Kadawa da Kura da Bunkure, da kuma ruwan shan birnin Kano. (Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, watau durom biyar.) A 1992 aka rage tsayin bakin tsiyayar madatsar saboda kiyaye lafiyar ginin, abin da take iya riƙewa ya koma ƙasa da biliyan ɗaya da rabi. A wannan shekarar ce kuma aka kammala madatsar Calawa mai ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900, sa'an nan ga shingen da aka gina kusa da Auyo domin shirin noman rani na kwarin Haɗeja. Kogin Jama'are shi kaɗai ne ya tsira babu babbar madatsa, domin aikin Kafin Zaki da aka soma ya tsaya.

Littafin shiga da fita na kogi

Hanya ta farko da masana ke bi ita ce ta duba kogin kansa. Tun shekarun 1960 akwai tashoshin auna ruwa a wurare kamar Wudil da Haɗeja da gadar Bunga da Gashuwa, inda ma'aikaci kan karanta tsayin ruwa a jikin sanda mai lamba, ya rubuta a littafi. Tsayin ruwa ba shi ne yawan ruwa ba, don haka lokaci lokaci ake zuwa da na'ura a auna gudun ruwan da faɗin kogin da zurfinsa, a tsara jadawalin da ke nuna cewa in ruwa ya kai tsayi kaza, to kubik mita kaza ne ke wucewa a kowace daƙiƙa. In an tara na shekara guda, an san abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma bambancin shi ne abin da ya salwanta a tsakani.

Sai dai salwantar nan ba ta noman rani kaɗai ba ce. Tun kafin a gina madatsa ko ɗaya, babban kaso na ruwan da ke wuce Wudil ba ya isa Gashuwa, yana bazuwa ne a fadama, rana ta sha nata, ƙasa ta sha nata, ciyayi su sha nasu. Daɗin daɗawa, an rufe Tiga ne jim kaɗan bayan farin 1972 zuwa 1973, shekara goma bayan haka kuma aka yi farin 1983 zuwa 1984. Wanda ya kwatanta ruwan Gashuwa na shekarun 1960, waɗanda shekarun wadatar damina ne, da na shekarun 1980, ya ɗora bambancin duka a kan Kadawa, ya yi zalunci a lissafi. Haka nan wanda ya ɗora shi duka a kan fari.

A nan ne kogin Jama'are ke da amfani na musamman. Tun da ba a datse shi ba, raguwar da ya yi a waɗannan shekaru ta sama ce kawai. In Jama'are ya ragu da wani kaso a gadar Bunga, Haɗeja kuma ya ragu da fiye da haka a Wudil, to ana iya cewa rarar aikin hannun mutum ce. Dabarar ba cikakkiya ba ce, domin ruwan sama a Jos da na Kano ba lallai su tafi daidai ba a kowace shekara, amma ta fi zato.

Babbar matsalar wannan hanya ita ce littattafan da kansu. Kogin rairayi yana sauya kwance duk damina, wuri ya cike, wani wurin ya zurfafa, don haka jadawalin da aka tsara a wata shekara yana iya yin ƙarya bayan shekara biyar in ba a sabunta shi ba. Lokacin da tattalin arziki ya tsuke a shekarun 1980, kuɗin zirga-zirgar awo na cikin abin da aka fara yankewa, tashoshi da dama suka yi giɓi na watanni ko shekaru. Bugu da ƙari kwarin a rabe yake tsakanin hukumomin tarayya biyu, Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976 da Hukumar Raya Kwarin Tafkin Cadi, ga kuma hukumomin ruwa na jihohi, waɗanda suka ƙaru a 1991 da aka ƙirƙiro Jigawa da Yobe. Kowa da nasa littafi, kuma ba kullum suke dacewa ba.

Lissafi daga gona

Hanya ta biyu daga gona take farawa, kuma ita ce aka fi dogara da ita wajen sanin rabon noman rani shi kaɗai. Abubuwa uku ake nema: faɗin ƙasar da aka yi wa ban ruwa a shekarar, ƙishin amfanin da aka shuka, da kuma kason ruwan da ke isa saiwa daga cikin wanda aka ɗebo.

Ƙishin amfanin gona shi ne ɓangaren da ilimi ya fi zaunar da shi. Kusan duk ruwan da tsiro ke zuƙa ta ganye yake fita ya bi iska, ga kuma wanda ke ƙafewa daga jikin ƙasa. A 1948 wani masani ɗan Ingila, Howard Penman, ya fitar da ƙa'idar lissafa wannan daga abubuwa huɗu da tashar yanayi ke rubutawa, watau zafi, da hasken rana, da ƙarfin iska, da laimar iska. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta mayar da ita ƙa'idar aiki a littafin da ta wallafa a 1977, ta sake gyara ta a 1998. Ana fara lissafa abin da filin gajeriyar ciyawa mai wadatar ruwa zai sha a rana, sa'an nan a ninka da wata lamba da ke nuna yadda kowane amfani ya fi ciyawar ƙishi ko ya gaza ta. Alkama tana ƙarama ba ta shan ko rabin na ciyawar, amma lokacin da take fitar da kai lambarta kan kai 1.15, ta shinkafa a tsakiyar girma 1.2 ce, ta albasa da tattasai kuwa 1.05. Alherin wannan hanya ga mai binciken tarihi shi ne tashoshin yanayi na Kano da Nguru sun daɗe suna aiki, kuma zafin rani ba ya sauyawa sosai daga shekara zuwa shekara kamar yadda damina ke yi.

Misali zai fi fayyace al'amarin, da sharaɗin a ɗauki alƙaluman a matsayin misali kawai. A ce ciyawar awo tana shan milimita 6 a rana lokacin hunturu, matsakaiciyar lambar alkama a tsawon rayuwarta 0.85, kuma tana yin kwana 110 a gona. Abin da za ta sha shi ne milimita 561. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya kubik mita 10 ce, don haka hektar alkama ta sha kubik mita 5,610. To amma ruwan da ya baro madatsa sai ya bi babbar magudana ta kilomita da yawa, ya shiga ƙanana, ya shiga kwami, ko'ina yana yoyo, wani yana malala ya wuce. In kashi 40 cikin ɗari ne kawai ya isa saiwa, sai an saki kubik mita 14,025 kafin hektar ta ƙoshi. Shirin kogin Kano an tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000, amma zuwa shekarun 1990 kimanin 15,000 ne aka yi wa magudanai. Da a ce duk alkama aka shuka a cikinsu, abin da amfanin ya sha zai kama kubik mita miliyan 84, abin da aka saki kuwa miliyan 210.

Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne yawancin rigimar take. Ɗiba daban, sha daban. Miliyan 126 da ke tsakani ba duka suka ɓace ba: wani kaso ya bi magudanan fitar da ruwa ya koma kogi, wani ya nutse ya ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa har wani manomi ya zuƙo shi da famfo, wani kuma ya kwanta a kududdufi ya ƙafe ba tare da ya amfani kowa ba. Mai magana da yawun na ƙasa yakan ɗauki babbar lambar, na sama ya ɗauki ƙaramar, kuma kowannensu yana iya rantsuwa cewa daga rahoto ya samo. Har ila yau, kason da ke isa saiwa ba kasafai ake auna shi ba, zato ake yi. In aka ce kashi 50 ne maimakon 40, ɗibar ta sauka zuwa miliyan 168. Watau sauya zato guda ya motsa kubik mita miliyan 42, ba tare da ko gona ɗaya ta sauya ba.

Akwai kuma mashayin da ba ya shiga lissafin gona ko kaɗan, shi ne fuskar madatsar. Ruwa mai zurfin mita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya kubik mita miliyan ɗaya ne cif. Tafkin Tiga in ya cika yana rufe fiye da murabba'in kilomita 100, don haka ko da an cire ruwan saman da ke faɗa masa, abin da rana ke ɗauka a shekara yana iya kamo abin da dukan alkamar misalin da ke sama ta sha, ko ya wuce shi. Ko za a ɗora wannan a kan noman rani ko a'a, tambaya ce ta siyasa fiye da ta lissafi, amma tun da domin ban ruwa aka tara ruwan, da wuya a ce ba ya cikin kuɗin aikin.

Gonakin da ba su shiga rajista ba

Manyan shirye-shiryen gwamnati aƙalla suna da fayil, ko da yake akwai bambanci tsakanin hektar da aka gina wa magudana da wadda aka shuka a zahiri. Inda duhun yake shi ne ƙananan manoma na bakin kogi da fadama, irin waɗanda suka cika tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa. Kafin shekarun 1980 da jigo ake ban ruwa, kuma jigo ƙarfin hannun mutum ne ke iyakance shi, ɗan lambu kawai yake iya ciyarwa. Da hukumomin raya aikin gona na jihohi suka fara sayar da ƙananan injunan ban ruwa masu amfani da fetur a farashi mai rangwame, sai lamarin ya sauya. A 1987 gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama daga waje, farashinta ya tashi, masu hali suka share dazuzzukan fadama suka zuba alkama. An janye hanin a farkon shekarun 1990, alkama ta ja baya, tattasai da albasa da tumatir da shinkafar rani suka maye wurinta. A daidai wannan lokaci Shirin Raya Fadama na Ƙasa, da tallafin Bankin Duniya, ya yaɗa haƙa gajerun rijiyoyin burtsatse a fadamu.

Babu wanda ya ƙirga waɗannan gonaki shekara shekara. Abin da mai bincike ke yi shi ne ya haɗa guntaye: adadin injunan da hukumomi suka sayar, ƙidayar da aka yi a wasu ƙauyuka, hotunan jirgin sama, da hira da tsofaffin manoma. Wani lokaci ta wajen injin ake biyowa. In inji yana fitar da lita 10 a daƙiƙa, kubik mita 36 ke nan a awa. In ana kunna shi awa biyar sau 16 a rani, ya ɗebi kubik mita 2,880. Injuna 10,000 irinsa sun ɗebi kusan miliyan 29. Wannan ma misali ne, amma ya nuna cewa abin da ake rainawa in ya taru yana da nauyi. Sa'an nan ruwan da burtsatsen fadama ke zuƙowa daga ambaliyar kogi ya samo asali, don haka wanda ya lissafa shi daban da ruwan kogi ya ƙirga kuɗi ɗaya sau biyu.

Tambaya mai sarƙaƙiya ita ce ta noman da ke bin ambaliya. Shinkafar fadama ta Gashuwa da ƙasar Bade ana shuka ta da ruwan sama ne, ambaliya ta zo ta raine ta. Bayan ruwa ya janye a shuka wake da sauransu a kan laimar da ya bari. Babu inji, babu magudana, amma ruwan kogi ne ya yi aikin. Tsare-tsaren farko na madatsun ruwa sun ɗauki ruwan da ke bazuwa a fadama a matsayin asara, abin da ya kamata a tare a sama kafin rana ta shanye. Wannan kallo shi ne ya sa shinkafar Bade da kifin Nguru da kiwon Fulani na rani ba su fito a shafin riba ba.

Aikin da ya sauya wannan kallo daga Nguru ya fito. A 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, da haɗin gwiwar ƙungiyar IUCN da wasu ƙungiyoyin kiyaye muhalli na gida da waje, kuma cikin ayyukansa har da shawagi da jirgin sama domin zana iyakar ambaliya. Da aka kwatanta da tsofaffin hotuna, sai aka ga ambaliyar da ke rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970 ta koma ƙasa da 1,000 a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990. G. E. Hollis da Julian Thompson na jami'ar UCL da ke Landan suka gina samfurin lissafi a kwamfuta, wanda ke bin ruwan kwarin wata wata: abin da ya shigo, abin da ya ƙafe, abin da ya nutse, abin da ya wuce Gashuwa. Suka daidaita shi har ya dace da ambaliyar da aka gani da ruwan da aka auna, sa'an nan suka riƙa sa madatsa suna cirewa a cikinsa, suna duba abin da zai faru a ƙasa. Ta haka ne ake amsa tambayar da babu ma'aunin da zai amsa, watau da ba a gina Tiga ba, ruwa nawa Gashuwa za ta gani a shekarar fari.

A ɓangaren kuɗi, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage sun auna ribar noma da su da itacen wuta na fadamar a farkon shekarun 1990, suka raba ta da ruwan da ta ci, suka kwatanta da ta shirin kogin Kano. Alƙaluman da aka fi yaɗawa daga aikin nasu su ne aƙalla dalar Amurka 32 a kan kowace kubik mita 1,000 a fadama, santi 15 kacal a shirin gwamnati. A 1998 Barbier da Thompson suka haɗa lissafin kuɗin da samfurin ruwan, suka sami cewa ribar da faɗaɗa manyan shirye-shiryen sama za ta kawo ba za ta maye ko kashi ɗaya cikin biyar na asarar da fadama za ta yi ba. Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluma da shekarunsu. Farashin wancan lokaci ne, lokacin da Kadawa ke fama da alkama mai tsadar noma. Ba a ga Kura ta zama babbar cibiyar shinkafa kamar yadda ta zama daga baya ba, ba a kuma sa darajar ruwan shan Kano a ma'auni ba. Duk da haka tazarar ta yi faɗin da gyaran farashi kaɗai ba zai rufe ta ba, kuma ƙa'idar da suka kafa tana nan daram: a ƙasar da ruwa ya fi fili ƙaranci, riba a kan kubik mita ake nema, ba a kan hekta ba.

Akwai abin da jimlar shekara ke ɓoyewa, wanda mutanen Nguru suka fi kowa sani. Da can kogin Haɗeja kan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan madatsun ruwa, musamman daga 1992, sai ya zamana ana sakin ruwa duk shekara domin magudanai da famfunan Kano, ragowar na gangarowa a hankali ko da tsakiyar bazara, yayin da babbar ambaliyar da ke share laka ta ragu. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da ciyawar kacalla ke so. Ta toshe tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana, ruwa ya karkata ya cika Marma da tafkin Nguru, gonaki da hanyoyi suka nutse a nan, alhali can wajen Gashuwa ɗan abin da Haɗeja ke kaiwa ya ƙara ƙanƙancewa, kogin Yobe ya dogara kusan kacokan a kan Jama'are. Kacallar kanta mashayiya ce babba, tana zuƙar ruwa dare da rana wata goma sha biyu. Saboda haka mai lissafi yana iya samun cewa noman rani bai sha ruwa mai yawan da ake zato ba, kuma duk da haka ya kasance yadda ake sakin ruwan dominsa shi ne ya fi yi wa na ƙasa ɓarna.

Taurarin ɗan'adam sun cike wani ɓangare na giɓin. Landsat na Amurka yana ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga kowa. Na farko ba su da kaifi, ɗigo ɗaya ya kai kusan rabin hekta, amma daga 1982 ɗigon ya koma mita 30, har da na'urar auna zafin ƙasa. Gonar da ke shan ruwa ta fi busasshiyar ƙasar da ke kewaye da ita sanyi, kuma daga wannan bambanci ake lissafa ruwan da ke tashi daga kowane fili kai tsaye, ba sai an yi zaton kason da ke isa saiwa ba. FAO ta buɗe rumbun WaPOR a 2017, mai ɗauke da irin wannan lissafi na nahiyar Afirka daga 2009. Sai dai tauraro kore kawai yake gani. A watan Fabrairu, a gefen Marma, filin albasa da dajin kacalla da waken da ke cin laimar ambaliya duk suna iya kama da juna, sai wanda ya taka ƙasa ne zai raba su. Ƙurar hunturu ma tana lalata hotunan lokacin da aka fi buƙatarsu.

Amfanin wannan duka ga mai zuba jari a bayyane yake. Wanda zai kafa injin cashe shinkafa a Gashuwa, ko ya ba manoman tattasai bashin inji da taki, ko bankin da zai tsaya musu, jarinsa a kan ruwa ya ɗora, kuma abin da ya kamata ya nema ba matsakaicin shekaru ba ne, lissafin shekara mafi muni ne: in damina irin ta 1984 ta dawo, da gonakin ranin da ke sama a yanzu da yawan jama'ar Kano na yanzu, me zai rage ya wuce Haɗeja. In aka miƙa masa rahoto, ya dace ya tambaya ko lambar ta ɗiba ce ko ta sha, ko hektar da aka gina ce ko wadda aka shuka, ko an sa ƙafewar madatsa da ƙananan injuna a ciki, da kuma shekarun da aka auna da waɗanda aka cike da zato.

Hukumomi ma sun daɗe da gane cewa rabo ba ya yiwuwa sai da lissafi. Nijeriya da Nijar sun sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, ciki har da Yobe, wanda manoman tattasai na Difa suka dogara da shi. Taron da aka yi a Kuru a 1993 ya ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga Tiga da Calawa da damina domin raya ambaliyar fadama. A 2000 aka sa tafkin Nguru da reshen Marma, hekta 58,100, cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohi shida na kwarin, watau Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, suka hadu a Damaturu bayan an yi ƙidayar ruwan kwarin, suka amince da tsarin kula da shi tare da kafa asusun amana. A 2014 kuma Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 na shirin TRIMING, wanda ya haɗa da gyaran magudanan kogin Kano da na kwarin Haɗeja. Gyaran magudana yana rage yoyo, amma in ruwan da aka tsimin aka faɗaɗa gonaki da shi, abin da ake sha ya ƙaru ne, kuma yoyon da a da ke komawa kogi ya daina komawa.

Maganar Kafin Zaki takan taso lokaci lokaci, Bauchi na nema, Yobe da Borno na adawa. Madatsar da aka tsara za ta riƙe kimanin kubik mita biliyan 2.7, watau ta fi Tiga girma, kuma a kan kogin da ke kawo wa Gashuwa mafi yawan ruwanta za a gina ta. Duk wani hasashe na abin da za ta rage wa shinkafar Bade da lambunan Gaidam da Difa, daga littattafan gadar Bunga da Katagum da Gashuwa za a ciro shi, tare da abin da aka iya ganowa game da yadda Tiga da Calawa suka sauya kogin Haɗeja tun daga 1974.